Zanen Fannonin Ilimi Bakwai a Kan Kayan Kyauta: Kafin a Zuba Jari

Wata 'yar kasuwa da ke zaune a Faransa, mai sayar da kayan kyauta ta intanet, ta aiko da tambaya cewa tana son buga tsohon zanen Turawa na fannonin ilimi bakwai a kan kofuna, gyale da allunan bango, kuma wani mai ɗab'i ya yi mata tayin rangwame idan za ta ɗauki guda 500 a lokaci ɗaya. Tana neman sanin ko ya dace ta karɓa.

Hajiya, zanen da kika fi gani a kasuwa ya fito ne daga littafin Hortus Deliciarum, wanda Herrad, shugabar gidan mata masu ibada na Hohenburg a yankin Alsas, ta haɗa a ƙarni na 12. A tsakiya Falsafa ce zaune kamar sarauniya, masana falsafar Girka Sokiratis da Aflatun suna ƙarƙashinta, mata bakwai kuma sun kewaye ta, kowace tana wakiltar fanni ɗaya: nahawu, balaga, manɗiƙi, lissafi, ilimin awon siffofi, kiɗa da ilimin taurari. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ba zai ji ukun farko baƙi ba. Asalin littafin ya ƙone a shekarar 1870 lokacin da aka yi wa birnin Strasbourg ruwan wuta, saboda haka abin da ke yawo yau kwafi ne, irin wanda wani masani mai suna Engelhardt ya wallafa a 1818.

Wannan tarihin yana da alaƙa da aljihunki. Zanen ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, kuma dokar Tarayyar Turai ta 2019 ta tanadi cewa hoton da aka ɗauka na irin wannan aiki ba tare da ƙirƙira ba, ba ya samun sabon haƙƙi. Amma Italiya tana da dokarta ta kayan tarihi, wadda ke neman izini da biyan kuɗi kafin a yi kasuwanci da hotunan kayan da ke hannun hukuma, har gidan tarihi na Uffizi ya kai kamfanin Jean Paul Gaultier ƙara a 2022 kan zanen Botticelli da aka buga a tufafi. Don haka, idan zanen fannoni bakwai na mai zane Andrea di Bonaiuto da ke cocin Santa Maria Novella a birnin Florence na Italiya ya burge ki, ki nemi izini a rubuce tukuna. Ki kuma guji ɗaukar hoto daga shagon wani, domin mai yiwuwa ya gyara launi ya ƙara nasa aikin.

Game da tayin guda 500, ra'ayina shi ne kada ki karɓa yanzu. Masu sayen irin wannan kaya ba su da yawa: malamai ne, ɗaliban tarihi da falsafa, da iyayen da ke neman kyautar kammala karatu, kuma cinikin yakan taru ne a ƙarshen shekarar karatu da lokacin Kirsimeti. Rangwamen da aka yi miki zai narke cikin kuɗin ajiya da kofunan da za su fashe a hanya. Ki fara da kamfanonin da ke bugawa sai an yi oda. Ribar kowane guda ƙarama ce, amma jarinki ba zai kwanta ba, kuma bayan wata shida littafin cinikinki zai nuna miki abin da ya cancanci bugawa da yawa.

Ki fi ba allon bango da gyale muhimmanci, domin zanen Herrad da'ira ce cike da ƙananan rubuce-rubucen Latin, waɗanda kan dagule idan aka matse su a jikin kofi. Ki nemi samfuri ki duba da idonki kafin ki sa farashi. Idan kuma kina tunanin aika wasu gida, ki sani cewa iyalai da dama ba sa rataya hoton mutum a ɗaki, don haka a can ya fi kyau ki buga kayan aikin kawai, kamar littafi, garaya da abin awo, tare da sunayen fannonin da Hausa. Bulalar da ke hannun matar da ke wakiltar nahawu kuwa kada ki cire ta, domin malamai da dama za su yi dariya su saya saboda ita.