Za mu shiga tekun da ba mu sani ba da ƙaramin jirgi, daga ina za mu fara shiri?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kai shekara goma ina kamun kifi da fatsa a tafki da kogi, kuma ina da jirgi mai tsawon mita 5 da inji mai ƙarfin doki 40. Wata mai zuwa ni da abokaina biyu za mu ja shi zuwa wata gaɓar teku da ba mu taɓa zuwa ba, mu kwana uku. Wane koto za mu tanada, kuma me za mu kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar koto zan zo kanta, amma ita ce ƙarama a cikin tambayarka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda za ku dawo, domin fita cikin teku ba ta da wuya, kowa ma zai iya.

Ruwan tafki inda ka bar shi da safe nan za ka same shi da yamma. Teku kuwa cika yake yi yana janyewa, a mafi yawan gaɓoɓin duniya sau biyu a kwana ɗaya. Tsakanin cika da cika akwai kimanin awa 12 da minti 25, shi ya sa lokacin yake ƙara jinkiri da wajen minti 50 kullum. Girman abin ya danganta da wuri: a yawancin Bahar Rum bai kai rabin mita ba, a mashigin Fandi na Kanada kuwa yana kaiwa mita 16. Ya kuma danganta da wata. Lokacin tsayuwar jinjirin wata da lokacin cikarsa, ruwa ya fi hawa, ya fi sauka, ya fi gudu. Don haka tun kana gida ka nemi jadawalin cika da janyewar ruwa na ainihin tashar da za ku sauka, na kwanakin nan uku, ka rubuta a takarda.

Akwai lissafin da matuƙa ke yi da ka. Ruwa na ɗaukar kusan awa shida yana janyewa, amma ba daidai-wa-daida ba. A raba dukan saukar gida 12: awa ta farko kashi 1, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Idan bambancin cika da janyewa mita 3 ne, awar farko santimita 25 kawai zai ragu, har ka ɗauka ba abin da ke faruwa. A awa ta uku da ta huɗu sai ya zube mita ɗaya da rabi. Na taɓa gani da idona: wasu mutum uku sun bi ta kan tudun yashi da hantsi ruwa na rufe da shi, kifi ya ɗauke musu hankali a cikin lungu. Da suka juyo, farfela ta fara tono yashi, kafin su ankara jirgi ya kwanta a gefe ɗaya. Awa biyar suka yi a rana, ruwan shansu gora ɗaya, sai bayan magariba ruwa ya ɗaga su, suka shigo cikin duhu ta hanyar da sau ɗaya tak suka taɓa bi.

Wurin da na fi ji muku tsoro shi ne bakin kogi ko mashigi, inda yashi ke taruwa a ƙofa. Idan ruwa na janyewa yana fita da ƙarfi, igiyar teku kuma na shigowa, sai su yi karo a kan yashin nan, igiyar ta miƙe tsaye ta karye. Jirgi mai mita 5 ba ya jure wannan. Haka ma duk inda iska ta fuskanci gudun ruwa. Ku tsara fitarku da shigowarku su dace da lokacin da ruwa ke hawa, dab da cikarsa. Tudun yashi kuma tafiya yake yi, guguwa ɗaya na iya sauya masa wuri, taswirar bara ba za ta nuna maka ba. Da ɗan gari akan ci gari: ku isa da wuri, ku tsaya a bakin ruwa lokacin da ya janye sarai, ku ga duwatsu da yashin da zai ɓoye anjima, ku ga ta inda masuntan wurin ke bi. Ku gaishe su ku tambaya. Idan da hali, ranar farko ku ɗauki ɗaya daga cikinsu a jirgi. Ni a ganina wannan ya fi duk wata na'urar da za ka saya.

Duk da haka taswirar teku dole ce, ta takarda da ta GPS, da kamfas. Lambobin zurfin da ke jiki na lokacin da ruwa ya yi ƙasa sosai ne. Ka kula da alamomin hanya ja da kore: a Turai da Afirka da yawancin Asiya, mai shigowa daga teku yana barin ja a hagunsa, amma a nahiyar Amurka da Japan da Koriya da Filifin ja a dama yake. Kuna fita ka riƙa waiwaye, domin gaɓa daga cikin teku kamanninta daban, duk ƙofofi sai su zama iri ɗaya.

Iska kuma, ka duba hasashe da dare, ka sake dubawa da asuba. Da ta kai kilomita 20 zuwa 28 a awa za ka riƙa ganin farin kumfa a kan igiyoyi, kuma ga baƙo mai jirgi irin naka nan ne iyaka. A ranakun zafi iskar teku takan taso bayan azahar, safiya lafiya lau, la'asar kuwa sai dukan ruwa. Wadda ta fi yaudara ita ce mai busowa daga tudu: bakin gaɓa shiru kamar faranti, alhali tura ku take yi ciki, in inji ya mutu ba mai dawo da ku.

Man fetur a kasa shi uku, kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. Kowa ya sa rigar kariya a jikinsa tun daga tudu, mai tuƙi kuma ya ɗaura igiyar kashe inji a ƙafarsa, wadda ke kashe injin in ya faɗa ruwa. Ku riƙe rediyon VHF, wato rediyon sadarwa na jiragen ruwa, domin waya takan rasa sabis; tasha ta 16 ita ce ta neman agaji a duk duniya. Igiyar anka, ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa don tsayar da jirgi, ta ninka zurfin ruwa sau 5 zuwa 7, wato a zurfin mita 10 kana bukatar mita 50 zuwa 70, kuma a goshin jirgi ake ɗaure ta. Wanda ya ɗaure ta baya, igiyar ruwa za ta hau ta wajen inji ta cika jirgin. Sannan ku bar wa wani a tudu bayanin inda za ku, ku nawa ne, launin jirgi, da ƙarfe nawa zai kira masu ceto in bai ji ku ba.

To, koto. Ka sayi abin da masuntan wurin ke sawa, jatan lande ko ƙananan kifi ɗanye, ya fi duk abin da za ka ɗauko daga nesa. Kifin teku ya fi cin koto lokacin da ruwa ke motsi, a gefen duwatsu da bakin rami, da inda ka ga tsuntsaye na faɗawa ruwa. Ka tambayi hukumar wurin game da lasisi, da girman kifin da aka yarda a ɗauka, da wuraren da aka hana su. Kullum kuka fito, ka wanke inji da ƙugiyoyi da ruwan daɗi, gishiri ba ya jira. Ranar farko kada ku wuce inda kuke hango ƙofar da kuka fito, kuma ku shigo da sauran rana aƙalla awa biyu.