Amsa kan takardun firintar daskararriyar tawada da ke maƙalewa a injin fotokwafi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce takardun da ka buga da Xerox Phaser 8560 suna maƙalewa in ka zuba su a bakin da ke jan takarda na injin fotokwafi, wasu kuma suna mannewa da juna. Na yi shekaru ina aiki da irin wannan firintar a shagona, kuma abin ya ci mini takardu kafin na gane kansa.

Firintarka lafiyarta ƙalau. Tawadar ce dangin kaki, kamar kyandir. Injin firintar yana narkar da ita, ya fesa a kan wata ganga da aka shafa wa man silikon, sannan ya danne ta a kan takarda. Ba ta shiga jikin takardar, a sama take zama. Shafa da yatsa za ka ji tudunta. Shi ya sa kalar take fita da kyau, shi ya sa kuma take kama gilashi da ƙarfe maimakon ta zame.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne rage yawan tawadar. A saitin bugu, kada ka zaɓi Photo sai in hoto ne na gaske. Wasiƙa, rasit da takardun makaranta ka buga su a Standard ko Fast Color. Shafin da aka cika da kala daga gefe zuwa gefe, musamman baƙi ko shuɗi mai duhu, shi ne ke tsayawa tsakiyar hanya. Irin wannan ba na gardama da shi, a kan gilashin injin fotokwafi nake ɗora shi da hannu. In shafukan da yawa, sai in kwafe su sau ɗaya a gilashi, in riƙa zuba kwafin a bakin injin. Ka kuma riƙa goge siririn gilashin nan da takarda ke bi ta kansa, da robobin da ke ja, domin kakin yana taruwa a wurin kaɗan-kaɗan.

Mannewa kuwa aikin zafi ne da nauyi. A bazara na taɓa barin aikin wani a bayan mota, rana ta buge shi, na dawo na tarar shafukan sun kama juna, dole na sake bugawa da kuɗina. Tun ranar nake baza su su huce, in kaɗa gefensu iska ta shiga, kuma ba na ɗora musu kaya. In katin gayyata ne mai kala gaba da baya, ina saka farar takarda tsakani.

Laminatin mai zafi yana narkar da rubutun ya dagule, sai dai mai sanyi. Kada kuma ka mayar da takardar cikin firintar laser don ƙara rubutu, zafinta zai narkar da kakin ya ɓata maka injin. In dole ne a haɗa biyun, fara da laser.

Duba maintenance kit ɗinka ma, shi ke shafa wa gangar mai. Ƙaramin na shafi 10,000 ne, babban 30,000. Xerox ta daina ƙera irin waɗannan firintocin, saboda haka in ka samu kit ɗin na asali a kasuwa, sayi biyu ka ajiye.

Wace irin takarda kake sakawa? In mai sheƙi ce, gwada ta yau da kullum mai giram 80 ka faɗa mini yadda ta kasance.