Yatsuna suna ciwo, kod kuma ba ya fita: shin ƙarfin hannu ne ba ni da shi?

Tambaya: Malam, na kusa wata biyu da fara koyon jita. Na san inda ake ɗora yatsu a kod (wato haɗin sautukan da ake kaɗawa tare) na C da G da Am da D, amma duk lokacin da na kaɗa sai wasu tsirkiyoyin su shaƙe, kuma kafin in sauya daga wannan kod zuwa wancan waƙa ta riga ta wuce ni. Wani abokina ya ce hannuna ne bai yi ƙwari ba, in riƙa dannawa da iyakar ƙarfina har yatsun su fashe su yi kanta. Ina yin haka, amma yanzu wuyan hannuna na hagu yana ciwo, wani lokaci da dare babban yatsa da manuniya su sage. In ci gaba da jurewa ne, ko kuwa jita ba ta karɓe ni ba?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin komai ka ajiye jitar na 'yan kwanaki har ciwon wuyan hannun ya lafa. Maganar jita ba ta karɓe ka ba kuwa, ka cire ta daga ranka, domin duk abin da ka lissafa yana da sanadi kuma yana da gyara.

Shawarar abokin naka ita ce abin da ya fi ɓata mini rai a wannan sana'a, domin kusan kullum sai na haɗu da ɗalibin da aka ɗora a kanta. Ciwo iri biyu ne, kuma masu ba da wannan shawara ba sa bambanta su. Akwai zafin fatar kan yatsa, wanda kowane sabon shiga yake ji, kuma yakan ragu cikin mako biyu zuwa huɗu yayin da kanta take fitowa da kanta. Akwai kuma ciwon gaɓa da jijiya, a wuyan hannu ko gindin babban yatsa ko gwiwar hannu, wanda ba ya zama kanta, ba ya kuma ƙara wa kowa ƙwarewa. Jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu suna bi ta wata matsattsiyar hanya a wuyan hannu, tare da jijiyar da ke kai ji zuwa babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin yatsan zobe. Idan mutum ya lanƙwashe wuyan hannu sosai, sannan ya matse da ƙarfi na tsawon lokaci, wurin yana iya kumbura ya danne jijiyar da ke kai jin, kuma sagewar dare irin wadda ka ambata tana cikin sanannun alamomin hakan. Duk wanda ya ce maka ka jure wannan, bai san abin da yake faɗa ba.

Abin takaici, intanet cike take da irin waɗannan malaman. Wani zai ce a shafa gam mai ƙarfi a kan yatsu, wani ya ce a jiƙa su a ruwan kal ko sifirit, wani ya ce a sayi abin matsa hannu na 'yan motsa jiki, wani kuma ya yi alkawarin koya maka jita cikin mako guda. Yatsan da ya yi bororo ya fashe, kanta ba ta zama a kansa, sai dai ya tilasta maka hutun da ba ka shirya ba, sannan ka dawo da sabuwar fata mai laushi ka fara daga farko. Kuma da ƙarfin hannu ne sirrin, da yara ƙanana ba su iya kaɗa jita ba, alhali suna kaɗawa tsaf. Django Reinhardt ya ƙone a gobara a 1928, yatsunsa biyu na hagu suka shanye, amma da sauran biyun ya zama ɗaya daga cikin manyan makaɗan jita na jaz. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa aikin na dabara ne da sanin inda za a ɗora yatsa.

Ga gwajin da nake sa kowane ɗalibi ya yi. Ka ɗora yatsa a kan tsirkiya ɗaya ba tare da ka danna ba, ka riƙa kaɗa ta kana ƙara nauyi kaɗan kaɗan har sautin ya fito sarai, sannan ka tsaya. Wannan ɗan nauyin shi ne duk abin da ake bukata, kuma za ka yi mamakin ƙanƙantarsa. Ka tabbata kan yatsan yana daf da ƙarfen firet (siraran ƙarafan da aka gitta a wuyan jita) ta bayansa, domin idan ya yi nisa da ƙarfen sai ka ninka ƙarfi kafin sautin ya fita. Galibin shaƙewar da ke damunka ma daga wani wuri take zuwa: cikin yatsa ɗaya yana kwanciya a kan tsirkiyar da ke kusa da shi. Maganinta shi ne ka yanke faratan hagu sosai, ka lanƙwasa gaɓar ƙarshe ta yatsa ta sauko a tsaye, ka bar babban yatsa a bayan wuyan jita ba tare da ya shaƙe shi ba, ka kuma ɗaga kan jitar sama kaɗan domin wuyan hannunka ya miƙe. Bayan ka kama kod, ka kaɗa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ka gano wadda ta mutu, ka gyara yatsan da ya jawo hakan kaɗai.

Sannan ka tuhumi jitar kanta, domin sau da yawa laifin nata ne. Ka auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya mafi kauri da ƙarfen firet na 12. A jita mai tsirkiyar ƙarfe ya kamata ta kasance wajen milimita 2.5, a mai tsirkiyar roba kuma wajen milimita 4. Idan taka ta zarce haka da yawa, ko ƙwararre ne zai sha wahala a kanta. Ka kuma ɗaura kafo, wato maɗaurin da ke danne tsirkiyoyi duka, a firet na farko ka gwada. Idan kod ɗin suka yi sauƙi nan take, to madogarar tsirkiyoyi da ke saman wuya ce ta yi tsawo, kuma mai gyaran jita zai rage ta. Sauya tsirkiyoyi daga masu lambar kauri 0.012 ko 0.013 zuwa sirara masu 0.010 ma yana sauƙaƙa dannawa ƙwarai. Sai dai kada ka yarda wani ya sa maka tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka ƙera domin ta roba, saboda jan ya fi ƙarfinta, zai iya lanƙwasa wuyan ko ya ɓalle gadar da ke riƙe tsirkiyoyi a jikin jitar.

Game da saurin sauyawa, ka nemi yatsun da ba sa bukatar tashi. Daga Am zuwa C, manuniya da na tsakiya suna nan inda suke, yatsan zobe kaɗai ke tashi daga tsirkiya ta 3 zuwa firet na 3 a tsirkiya ta 5 (ana fara ƙirga tsirkiyoyi daga mafi siranta). Am da E siffa ɗaya ce, ana matsar da ita tsirkiya guda. Idan ka kama G da yatsu huɗu, yatsan zobe yana zaune a firet na 3 na tsirkiya ta 2 har ka shiga D. Ka ɗauki kod biyu kacal, ka sa manhajar ƙidayar bugu a kan 60 a minti, ka riƙa sauyawa bayan kowane bugu huɗu, kuma kada hannun dama ya tsaya jiran na hagu. Minti 15 a kowace rana ya fi awa uku a rana ɗaya amfani, ga yatsu da ƙwaƙwalwa duka. Cikakken F mai shimfiɗa manuniya a kan tsirkiyoyi shida kuwa, ka bar shi tukuna, ka yi amfani da Fmaj7, wanda daga C manuniya ba ta motsi, sauran yatsu biyun ne ke saukowa tsirkiya ɗaya.

Idan ka dawo bayan hutun, ka fara da minti goma, ka riƙa sakin hannu kana girgiza shi a tsakani, ka kuma tsaya da zarar gaɓa ta fara ciwo. Idan sagewar ta ci gaba har bayan mako ɗaya ko biyu da ajiye jita, ko ka ga abubuwa suna suɓucewa daga hannunka, to ka je likita ya duba wuyan hannun, kuma ka gaya masa dalla-dalla yadda kake atisaye da tsawon lokacin da kake ɗauka a kai.