Amsar Kawu ga Auwalu kan safar hannu da gafakar Malam

Salamu alaikum. To Auwalu, na ji tambayarka, wai wace safar hannu za ka saya kafin ka buɗe gafakar marigayi Malam. Ai ba safar ce damuwarka ba, tsoro kake kar takardun su rududduge a hannunka.

Takarda dai ba ta son safa. Ka wanke hannu da sabulu, ya bushe sarai, ba basilin, ba turare, shi ke nan. Ko babban ɗakin karatu na Birtaniya da ke Landan da hannu tsirara suke taɓa tsofaffin littattafai. Farar safar audugar nan da kuke gani a talabijin, yawanci burga ce. Tana kashe jin yatsa, ba ka sanin warƙa ɗaya ka ɗaga ko biyu, zarenta kuma yana maƙale bakin takarda. Balle yanzu da hunturu ya busar da komai.

Ni na gani da idona. Shekarun baya wani yaro ya zo gidan nan da kyamara, wai bincike. Ya zura fararen safa kamar mai fareti, har yana min kallon ɗan ƙauye don na ce ya cire. Warƙar ƙarshe ta wani tsohon littafi ya ja, wurin da mai kwafi ya rubuta sunansa, kusurwar ta biyo safar. Ko haƙuri bai ba ni ba! Guntun na nan a ambulan har yau. Takardar nan fa mai tambarin jinjirin wata guda uku ce a jikinta, ta Italiya, in ka ɗaga ta a haske za ka gan su a jere. Kuma da zai tafi... kai, bar shi kawai.

A'a tsaya, kar ka ce na hana safa gaba ɗaya. Takobin nan, da zobban azurfa, da butar tagulla, da tsofaffin hotuna, waɗannan sai da safa. Gumi yana da gishiri, shatin yatsa yana cin ƙarfe, a hoto kuma ba ya fita. Ka je kemis wajen Wunti ka ce naitiril, safar roba shuɗiyar nan, marar hoda, daidai hannunka. Kar su ba ka ɗaya safar robar da ake ce wa letes, akwai farar wuta a ciki, tana baƙanta azurfa.

In ka gama da ƙarfen ka cire ta, ka sake wanke hannu kafin ka koma kan takardu. Kuma don Allah kar ka lashi yatsa wajen buɗe shafi, na san halinka. Ka jira ni ma ranar Asabar bayan la'asar.