Na haura maki 90 a N2 amma an ce na faɗi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina makarantar koyon Japananci a birnin Nagoya na Japan. Na zauna JLPT, jarrabawar ƙwarewa a harshen Japananci, matakin N2 a watan Yuli, sakamako ya fito ƙarshen Agusta: sanin harshe 44, fahimtar karatu 16, sauraro 38, jimla 98. An ce makin cin N2 90 ne, amma ga shi an rubuta mini na faɗi. Kamfanin da zai ɗauke ni aiki a Afrilu ya ce sai da takardar N2. Shin kuskure aka yi? Wani da ya riga ni zuwa ya ce sashen karatu ba a wahala a kansa, in cike lambar zaɓi iri ɗaya daga sama har ƙasa, ba zan rasa 19 ba. Haka na yi a rabin tambayoyin. Wallahi barci ya gagare ni.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, jarrabawar Disamba na nan tafe, sakamakonta kuma yana fitowa ƙarshen Janairu, kafin Afrilun da kake tsoro. Sai dai ba kuskure aka yi maka ba. Sharuɗɗan cin N2 biyu ne: jimla ta kai 90 cikin 180, sannan kowane ɗaya daga sassan uku ya kai 19 cikin 60. Ka cika na farko, na biyun ne ya kayar da kai da maki uku. Ko 60 da 60 ka samu a sauran biyun, da 16 a karatu labarin bai canza ba.

Yanzu bari mu zo kan shawarar mutumin naka, don ita ce ta ci ka, kuma kusan duk shekara sai ta ci wasu. Lissafin da suke yi shi ne: zaɓi huɗu ne a kowace tambaya, in ka cike lamba 3 duka za ka dace da kashi ɗaya cikin huɗu, kashi ɗaya cikin huɗu na 60 kuwa 15 ne, saura ka amsa biyu ko uku da gaske ka kai 19. Lissafi ne mai daɗin ji, amma na wata jarrabawa ce daban, ba wannan ba. Tun da aka sake tsarin JLPT a 2010, aka koma matakai biyar daga N5 mafi sauƙi zuwa N1 mafi wuya, makin da kake gani a takarda ba ƙidayar amsoshin daidai ba ne. Ana duba fasalin amsoshinka gaba ɗaya, wace ka ci, wace ka rasa, sannan a auna ka a kan ma'auni ɗaya da ba ya canzawa ko jarrabawar bana ta fi ta bara tsauri. Masu shirya ta, Japan Foundation da JEES, sun faɗa a fili cewa mutum biyu za su iya cin adadin tambayoyi iri ɗaya makinsu ya bambanta. Wanda ya ci tambayoyi masu sauƙi da matsakaita a jere, fasalinsa ya nuna mai iya karatu ne. Wanda ya rasa masu sauƙi ya kuma tsinci wata mai wuya can da can, fasalinsa na mai canki-canka ne, kuma ma'aunin ba ya ba shi abin da ya ƙirga a ransa. Saboda haka duk wanda ya ce maka tambaya kaza maki kaza ce, ka tambaye shi a ina ya gani. Babu inda hukuma ta wallafa hakan.

Kar ka fahimce ni a baibai. Ba a rage maki don amsar kuskure, don haka in minti biyu ya rage, cike guraben da suka saura ya fi barinsu fayau. Wannan ceton abin da ya rage ne bayan gobara. Abin da nake faɗa da shi shi ne mutum ya shiga ɗakin jarrabawa da niyyar sadaukar da sashe guda tun daga gida.

Masu wannan shawara su ne dai masu tura "ainihin tambayoyin da za su fito" a Telegram da WhatsApp, wani ma har da kuɗi. Hukumar ba ta sakin takardun jarrabawar da ta wuce. Abin da ta fitar shi ne littattafan gwaji na hukuma, na 2012 da na 2018, kuma tun 2010 ta daina wallafa jerin kanji (haruffan Japananci masu asali daga Sin) da kalmomin kowane mataki. Abin da ke yawo a waya tattare-tattare ne daga ƙwaƙwalwar waɗanda suka zauna, amsoshin ma wani ne ya yi hasashensu. In kuwa satar amsa ce ta gaske, to ta fi muni: bayan jarrabawar Disamba 2024 an ƙi yanke hukunci a kan sakamakon wasu da suka zauna N2, saboda amsoshinsu sun yi kama da juna fiye da yadda hankali zai ɗauka. Ga wata shida sun tafi, kai kuma da biza a wuyanka ba ka da wata shidan wasa.

Makinka da kansa ya faɗi ciwonka. Mai 44 a sanin harshe ba jahilin kanji ba ne. Lokaci ne ya ƙare maka. A N2 kalmomi da nahawu da karatu duk zama ɗaya ne na minti 105, babu mai buga ƙararrawa ya ce ka wuce gaba. Mutum sai ya ɓata minti 55 yana tauna tambayoyi kusan hamsin na farko, ya iso karatu agogo ya riga ya ci rabi. Ka raba shi haka: minti 15 kalmomi, 20 nahawu, 70 karatu. Tambayar kalma in ba ka san ta cikin daƙiƙa ashirin ba, kallonta ba zai sa ka san ta ba, ka zaɓa ka wuce. Da ka shiga karatu, fara da ta ƙarshe, Mondai 14 (rukunin tambayoyi na 14), wato neman bayani a cikin sanarwa ko jadawali. Tambaya biyu ce, ita ta fi sauƙi, kuma ita ce mafi yawan mutane ba sa isowa. Daga nan gajerun nassoshi na Mondai 10, sai matsakaita na 11, sai 12 mai kwatanta ra'ayin A da na B, dogon nassi na 13 a ƙarshe.

Ka karanta tambayar kafin nassin. Mafi yawansu ra'ayin marubuci ake nema, shi kuwa marubucin Japan ba ya sa ra'ayinsa a bakin ƙofa. In ka ga "tashika ni" (haƙiƙa), ka sani yana lallashin ra'ayin da zai rushe ne. Maganarsa tana bayan "shikashi" (amma). Ka ja layi a ƙarƙashin "tsumari" (wato). Wadda ta fi yaudarar ɗalibai ita ce "no dewa nai darō ka" (ashe ba haka ba ne?): da ganin "nai" (ba) sai mutum ya ɗauka korewa ce, alhali nan ne marubucin yake faɗin abin da ya yi imani da shi cikin ladabi. Zaɓin da ya kwafo kalmomin nassi sak, ka yi masa kallo biyu, sau da yawa tarko ne.

Daga yau zuwa Lahadin farko ta Disamba, kullum nassi uku da agogo a gabanka, minti uku ga gajere, bakwai ga matsakaici, ba ƙamus sai ka gama. Wasiƙun da ofishin birni ke jefa maka a akwatin gida, na inshorar lafiya da jadawalin fitar da shara, su ne ainihin Mondai 14, ka daina tura su ga aboki ya fassara maka. A Nuwamba ka yi cikakken gwaji sau uku, minti 105 ba tashi, sannan minti 50 na sauraro, don kar 38 ɗin nan ya zame; ka tuna sau ɗaya ake kunna sautin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Rajistar Disamba a Japan ta shafin MyJLPT ake yi, kuma a Satumba take rufewa, don haka ka shiga yau in makarantarku ba ta yi muku a ƙungiyance ba. Ran jarrabawa ka riƙe katin shiga da katin izinin zama a ƙasa, fensir HB da abin gogewa, da agogon hannu marar ƙara. Wayarka kuma a kashe ta gaba ɗaya, domin in ta yi ƙara ana cikin jarrabawa, soke takardarka za a yi.