Amsoshin Tambayoyinku: Waken Samaru, Nakasar 'Ya'yan Awaki da Kankana Marar Iri

Wani manomi daga Soba ya shuka waken nan na Samaru, SAMPEA 20-T, ya ga tsutsa ba ta taɓa shi, amma hankalinsa bai kwanta ba. Tambayarsa ita ce: shin guba aka ɗura wa irin?

Malam, ba a ɗura masa komai ba, wani layi aka ƙara a rubutun da ke cikinsa. Kowace ƙwayar halitta ta wake, ko ta akuya, ko ta mutum, tana ɗauke da wani dogon rubutu da ake kira DNA, mai haruffa iri 4 kacal. Kowane yanki nasa da ke bayanin yadda za a haɗa furotin ɗaya shi ne ƙwayar gado. Littafin ba ya barin tsakiyar ƙwayar halittar, sai dai a kwafo layin da ake bukata, kamar yadda almajiri yake kwafar karatunsa a allo ya fita da shi. Wannan kwafin shi ne RNA. A waje ana karanta shi harafi uku-uku, kowane uku yana kiran amino asid ɗaya daga cikin 20, ana jera su kamar 'ya'yan carbi har furotin ya haɗu. Launin wake, tsawon kara, jure fari, duk aikin furotin ne.

Layin da aka ƙara wa wannan waken an ɗauko shi daga wata ƙwayar bakteriya da ke zaune cikin ƙasa. Furotin da yake haɗawa yana huda hanjin tsutsar maruka, mai cinye fure da kwanso, domin hanjinta yana da wurin da furotin zai manne. Hanjin mutum da na dabba ba su da wannan wurin. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ce ta fitar da irin a 2019. Sai dai kada ka jingine famfon feshi: ɗarɓa da ƙwarin da ke tsotse kwanso ba ruwansu da wannan furotin, don haka feshi sau 2 yana nan.

Tambaya ta biyu ta fi taɓa ni. Wata baiwar Allah daga Tudun Wada ta ce cikin shekara biyu awakinta sun haifi 'ya'ya uku nakasassu, ɗaya muƙamuƙi a karkace, biyu ƙafafu a lanƙwashe, wata akuyar kuma sai ɓari. Bunsurunta haifaffen gidan ne. Maƙwabta sun ce sammu ne.

Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Na san kiwon nan da shi ake kayan ɗakin yara, ba ƙaramar asara ba ce. Amma ni zargina yana kan bunsurun. Rubutun da na ambata a ɗaure yake cikin ƙunshi-ƙunshi da ake kira kuromosom. Akuya tana da 60, saniya 60, tunkiya 54, mutum 46, rabi daga uwa rabi daga uba. Don haka kowace ƙwayar gado biyu ce. Idan ɗaya ta lalace, lafiyayyar tana rufa mata asiri, dabba ta tashi garau. Matsalar tana bayyana ne ranar da ɓatattun biyu suka haɗu. Kin san yadda ake gargaɗin masu AS kada su auri juna saboda sikila, cutar da canjin harafi ɗaya tak yake kawowa a furotin ɗin jini. Lissafin ɗaya ne a garke: idan uwa da uba suna ɓoye da aibi iri ɗaya, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4. Bunsurun da yake hawa uwarsa da 'ya'yansa kuwa, wa zai fi shi samun mai aibi irin nasa?

Akwai kuma kuskuren da ba daga zuri'a yake ba. Wani lokaci wajen yin ƙwan uwa ko maniyyi, kuromosom biyu sukan ƙi rabuwa, sai ɗan tayi ya tashi da 61 ko 59. Yawancinsu tun da wuri suke mutuwa, sai kawai ki ga akuya ta koma neman namiji. A mutane irin wannan ne yake kawo ciwon Down, inda kuromosom na 21 yake zama uku. A Suwidin, cikin 1964, an gano shanun da kuromosom ɗinsu na 1 da na 29 suka manne: a ido lafiyayyu, amma haihuwarsu ta ragu. Babu allurar da take gyara wannan. Duk wanda ya ce yana da ita, kuɗinki yake so.

Ki sayar da bunsurun ko a dandaƙe shi, ki nemo wani daga gidan da ba ku haɗa jinin awaki ba, kuma kada ya wuce shekara guda, kafin 'ya'yansa mata su isa barbara. 'Yan bunsuraye a ware su tun suna wata 3. Kafin mu ɗora komai kan gado, ki tuna ko an ba awakin maganin tsutsar ciki na albendazol a farkon ciki, domin shi ma yana nakasa ɗan tayi. Ita kuma mai ɓarin, a kai jininta wurin likitan dabbobi a duba bakkale, cutar da ke sa dabbobi ɓari. Cutar tana kama mutum, don haka kada yara su taɓa mahaifa da hannu, a binne ta, nono kuma a tafasa.

Na ƙarshe wani matashi ne mai noman rani a bakin kogin Galma. Ya sha kankana marar iri, yana son sanin inda zai samo abin shukawa daga cikinta. Ba za ka samu ba, ɗan'uwa. Kankana ta gida tana da kuromosom 22. Ana ninka na wata ya zama 44, a haɗa ta da ta gidan, 'yar ta fito da 33, adadin da ba ya rabuwa biyu daidai, sai ta kasa yin iri. Dalilin da ya sa alfadari ba ya haihuwa ke nan: goɗiya 64, jaki 62, shi 63. Irin sai ka saya duk shekara, kuma dole ka shuka kunya ɗaya ta kankana mai iri bayan kowace kunya biyu ko uku, domin zuma ta samu garin furen da za ta kai, in ba haka ba yabanya za ta yi kyau amma ba za ta ɗaura 'ya'ya ba.