Tambaya da Amsa: Shin Yawan Lanƙwasa a Bututu Yana Rage Ƙarfin Ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ɗora tankin ruwa a saman gidana, amma ruwan da yake isa banɗakin ƙarshe ba shi da ƙarfi ko kaɗan. Mai gyaran famfo ya ce gwiwoyin da aka saka wa bututun ne suka yi yawa. Shin maganarsa gaskiya ce? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai gyaran famfonka yana da gaskiya, sai dai bai faɗi maganar duka ba.

Idan ruwa yana gudu a miƙaƙƙen bututu, na tsakiya ya fi sauri, domin wanda yake jikin bango gogayya tana riƙe shi. Da zarar an zo lanƙwasa, ruwan tsakiyar nan yana tafiya wajen bangon waje, kamar yadda fasinjoji suke karkata idan mota ta sha kwana, shi kuwa na jikin bango sai ya zagayo ta sama da ƙasa ya koma ɓangaren ciki. Wannan yana haifar da juyi guda biyu masu kewayawa saɓanin juna, kuma ƙarfin da ya kamata ya tura ruwan gaba, wani kaso nasa a cikin juyin yake ƙarewa. Masanin lissafi ɗan Birtaniya, W. R. Dean, shi ne ya yi bayanin wannan da lissafi a shekarun 1927 da 1928, kuma har yanzu da sunansa injiniyoyi suke kiran juyin. Idan kwanar ta yi tsini, akwai ƙarin matsala, domin ruwan yana rabuwa da bangon ciki ya bar wurin da yake dagulewa, sai hanyar wucewa ta ƙuntata.

Injiniyoyi suna ƙiyasta cewa gwiwa ɗaya mai digiri 90 tana cin ƙarfi kamar miƙaƙƙen bututu mai tsawon da ya ninka faɗinsa sau 30. Ke nan a bututu mai inci ɗaya, kowace gwiwa daidai take da ƙarin kimanin santimita 75, gwiwa goma kuwa mita bakwai da rabi.

Abin da ba a gaya maka ba shi ne saurin ruwan ya fi yawan gwiwoyin tasiri, domin idan sauri ya ninka sau biyu, hasarar tana ninkawa sau huɗu. Ruwan da yake gudun mita ɗaya a daƙiƙa yana rasa ƙarfi daidai da an rage tsayin tanki da kimanin santimita 5 a kowace gwiwa, amma idan gudun ya kai mita biyu, hasarar ta kusa santimita 20. Gwiwa goma a wannan gudun za su cinye kusan mita biyu, alhali wataƙila tankin bai fi mita uku a saman shawar ba.

Saboda haka shawarata ita ce ka fara duba faɗin bututun. Idan da rabin inci aka ja layin tun daga tanki, kamar yadda ake yawan yi don rage kuɗi, a mayar da babban layin inci ɗaya, domin saurin zai ragu sau huɗu, hasarar gwiwoyin kuma kusan sau 16. Inda dole sai an karya kwana, a yi amfani da gwiwa mai doguwar lanƙwasa. Ɗaga tanki ma yana taimakawa, tun da kowace mita goma ta tsayi tana ba da matsin kusan bar ɗaya (bar ma'aunin matsin ruwa ne), amma kafin a kashe wannan kuɗin, a kwance kan shawar a duba ko yashi ya toshe shi.